Daga Fadama zuwa Akushi: Shinkafa, Gina Jiki da Aikin Bincike a Samaru

Gabatarwa

Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ma'anar maganar a fili take, watau babu aikin da zai yiwu, na hannu ne ko na ƙwaƙwalwa, sai mai yin sa ya ci ya ƙoshi. Amma masana harkar abinci sun daɗe da gano cewa ƙoshi daban, gina jiki daban. Mutum yana iya cika cikinsa safe da dare, ya kwana ba yunwa, alhali kuwa jininsa na raguwa, yaron da ke gidansa kuma ya kasa kai tsawon da ya dace da shekarunsa.

Wannan lacca za ta duba matsayin da shinkafa ta samu cikin abincin mutanen Zazzau, musamman unguwannin da ke kewaye da Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Samaru da Hanwa da Dogarawa, waɗanda dukkansu ke cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Sa'an nan za ta bayyana irin masu bincike da irin kayan aikin da ake bukata kafin a iya faɗin abin da wannan canji yake yi wa lafiyar jama'a. Maganar da za a kafa wa hujja ita ce, binciken shinkafa a Nijeriya ya fi mai da hankali ga yawan buhunan da ke fita daga gona, ya bar abin da ke shiga akushi ba mai aunawa, kuma Samaru tana da gadon aikin da za a iya gyara wannan da shi.

Yadda shinkafa ta mamaye akushi

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Akwai irin da ya samo asali a nan, wanda masana suka ce an fara nomansa a fadamun kogin Kwara da ke ƙasar Mali kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Ita ce jar shinkafar da mutanen Kabi da Sakkwato suka gada a fadamun gulbin Rima. Irin Asiya, wanda ya fi yawa a kasuwa yanzu, daga baya ya shigo. Duk da haka, a ƙasar Zazzau da Kano da Katsina dawa da gero su ne abincin yau da kullum tun kaka da kakanni. Tuwon shinkafa da waina da sinasir abincin sallah ne da suna da biki, ko na karrama baƙo.

Al'amarin ya fara juyawa ne a shekarun 1970. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya karya manoman Arewa, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙara musu rauni. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya yawaita, aka yi ƙarin albashin Udoji, birane suka cika da ma'aikata da 'yan makaranta. Shinkafar da ake shigowa da ita daga waje, wadda ba ta wuce 'yan dubban ton ba a farkon shekarun 1970, ta kai dubban ɗaruruwa kafin ƙarshensu. Gwamnatoci kuwa kowace ta zo da nata maganin. An ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, da shirin juyin noma na zamanin Alhaji Shehu Shagari a 1980. An gina madatsun ruwa na Tiga da Bakalori domin noman rani. An hana shigo da shinkafa a 1985, aka ɗage hanin a 1995. A 2015 an buɗe shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi, a watan Agusta na 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa na tudu har zuwa Disamba na 2020. Duk waɗannan matakai tambaya ɗaya suke ƙoƙarin amsawa, watau daga ina shinkafar za ta fito.

Dalilin da ya sa uwargida ta karɓi shinkafa hannu biyu ba ɓoyayye ba ne. Tuwon dawa yana bukatar surfe da wanki da shanya da niƙa da tankaɗe, kafin a zo ga talge da tuƙi, ga kuma miya. Shinkafa kuwa tsinta za a yi a wanke a zuba a tukunya, cikin ƙasa da sa'a guda ta nuna, itacen da za ta ci ma bai kai na tuwo ba. Matar da ke koyarwa a makaranta ko take aiki a asibiti, da ɗalibin da ke girki a kan risho, da mai sayar da abinci a bakin hanyar Kano wajen Dogarawa, inda matafiya da direbobin manyan motoci ke tsayawa, duk lokaci ne ya tura su gare ta. Saboda haka wa'azin a koma wa dawa ba zai mai da hannun agogo baya ba. Shinkafa ta zauna, abin da ya rage shi ne a san ta sosai.

Abin da ke cikin ƙwayar shinkafa

Ƙwayar shinkafa shanshera tana da sassa huɗu. Akwai ɓuntu a waje, wanda ba a ci. Ƙarƙashinsa akwai wata fata siririya mai launin ƙasa ko ja, wadda ke zama dusa in an yi casa. A gefe guda akwai ɗan idon da ke tsirowa. Sauran duka farin garin ciki ne, wanda kusan kashi 80 cikin ɗari nasa sitaci ne, furotin kuwa, watau sinadarin da ke gina tsoka, bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba. Mafi yawan bitamin na rukunin B da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da zinki da mai, a cikin fatar nan da idon suke. Injin da ke goge shinkafa har ta yi fari tas, su yake cirewa a zuba wa kaji. Bitamin A kuwa, mai kare ido, babu shi cikin farar shinkafa ko kaɗan. Gero ya ninka ta sinadarin ƙarfe sau da dama.

Mutanen Asiya sun biya kuɗin koyon wannan darasi da rayukansu. Sa'ad da injinan casa suka yaɗu a can cikin ƙarni na 19, wata cuta da ake kira beriberi, mai kashe jijiyoyin ƙafa da kumbura jiki da raunana zuciya, ta addabi sojoji da fursunoni da 'yan ƙodago. Sunan daga Asiya ya fito, ba shi da wata dangantaka da Barebari na Barno. Wani jirgin ruwan yaƙi na Japan ya dawo daga doguwar tafiya a 1883, mutum 169 cikin 376 sun kamu da ita, 25 sun mutu. Wani likitan rundunar, Takaki Kanehiro, ya sa aka tura wani jirgin ya bi hanya ɗaya a 1884 bayan an ƙara wa matuƙan nama da madara da sauran abinci, sai mutum 14 kaɗai suka kamu, ba wanda ya mutu. A tsibirin Java kuma, cikin shekarun 1890, likita Christiaan Eijkman ɗan ƙasar Holan ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa suna shanyewa, in an ba su dusarta sai su miƙe. Daga nan aka bi sawu har aka gano bitamin B1. Cutar ba ta tsaya a Asiya ba, domin ta ɓarke a ƙasar Gambiya a 1988 cikin damina, tsakanin manoma masu dogaro da shinkafa.

Akwai wani sashe na wannan tarihi da ya shafi matan ƙasar Hausa kai tsaye. A 1907 wani likita a Malaya, Leonard Braddon, ya nuna cewa 'yan ƙodago Indiyawa masu cin shinkafar da aka turara kafin a casa ba su cika kamuwa da cutar ba, alhali maƙwabtansu Sinawa masu cin fara suna ta faɗuwa. Wannan turarawa ita ce abin da Bahaushe ke kira gumi. Mace takan jiƙa shanshera, ta turara ta a tukunya ko rabin ganga, ta shanya, sa'an nan ta kai inji. Ruwa da zafi sukan tura wani kaso na bitamin ɗin da ke cikin fata zuwa cikin garin ƙwayar, har casa ba ta iya raba su. Ke nan masu yin gumi a ƙauyukan Zazzau da Kura da Argungu suna yi wa jama'a rigakafi ba tare da sun taɓa jin sunan bitamin ba. Sai dai yawan abin da ke tsira ya dangana ga tsawon jiƙo, da zafin wuta, da yadda aka shanya, da irin injin, da kuma yawan wankin da uwargida ta yi kafin ta dafa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abin aunawa ne.

Girman matsalar ya fito fili a binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018. An samu kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Ba za a ɗora wa shinkafa wannan laifi ita kaɗai ba, domin talauci da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da rashin tsabtataccen ruwa duk suna da hannu. Amma jama'ar da ke cikin wannan hali, in ta sauya babban abincinta, wajibi ne a san ko sauyin ƙara mata ƙarfi yake yi ko rage mata.

Gadon Samaru

An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello sa'ad da aka buɗe jami'ar a 1962. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka uku na lardin Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka bi manomansu shekara guda suna rubuta aikin da suke yi da amfanin da suke samu. Sakamakon ya nuna cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya lissafi yake yi mai kyau, domin yana rage hasara, yana kuma samun riba daidai da wahalarsa. Daga watan Mayu na 1970 zuwa Yuli na 1971 kuma, Emmy Simmons ta koma waɗannan ƙauyuka, aka riƙa bin gidaje ana lissafa abin da iyali suka ci da abin da suka kashe. Dawa ce ta fito kan gaba cikin abincinsu. Binciken ya kuma bayyana yadda matan kulle ke riƙe da sana'ar sarrafa abinci, suna yin fura da ƙosai da ƙuliƙuli a cikin gida, yara na kai talla.

Hanwa ta wancan zamani ƙauye ce a gefen gari. Yau gari ya haɗiye ta kamar yadda ya haɗiye Dogarawa, jikokin waɗanda aka ƙidaya tuwonsu kuma da yawa sun zama masu cin garau-garau da dafa-duka. Wuraren da aka taɓa auna abincinsu gida-gida shekaru hamsin da suka wuce ba su da yawa a Afirka, saboda haka duk wanda ya sake wannan awo a nan zai samu abin kwatantawa da wasu ba su da shi.

Ana iya cewa ai shinkafa ba aikin Samaru ba ce. Gaskiya ne an danƙa inganta irinta ga Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja, inda aka fara binciken shinkafa tun 1953, kuma daga can ne ire-iren da ake kira FARO suka fito, har da FARO 44 da manoma suka sani da Sipi. A matakin Afirka akwai cibiyar da aka kafa a Laberiya a 1971, wadda ake kira AfricaRice tun 2009, inda Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa irin Afirka da na Asiya ya fitar da NERICA. Amma abin da aka danƙa wa Samaru ya haɗa da dawa da masara da wake da gyaɗa, da tsarin noman Arewa maso Yamma baki ɗaya, tana kuma da tashoshin noman rani a Kadawa da Talatar Mafara, tsakiyar ƙasar shinkafa. Furotin ɗin shinkafa yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa, shi ya sa shinkafa da wake ta fi shinkafa da mai da yaji nesa ba kusa ba. Watau Badeggi ke riƙe da shinkafar, Samaru ke riƙe da mahaɗinta, akushi kuwa ba ya raba su.

Abin da ginin masu bincike yake bukata

Na farko shi ne mutane. Tambayar da ke gaba ta fi ƙarfin sashe guda na jami'a. Masanin iri ya san gona, masanin sinadaran jiki ya san ɗakin gwaji, likitan yara a asibitin koyarwa na Shika ya san tamowa in ya gan ta, masanin tattalin arziki ya san farashin mudu a kasuwar Sabon Gari, amma kowa a ɗakinsa yake. Ana bukatar ɗaliban digiri na biyu da na uku waɗanda malamai daga sassa biyu ko uku za su duba tare, ɗalibin da zai bi buhu ɗaya daga fadamar Galma zuwa tukunyar gumi, zuwa inji, zuwa kasuwa, har akushi, yana ɗibar samfur a kowane zango. Lalle ne kuma mata su yi yawa cikinsu, domin namiji baƙo iyakarsa zaure, girki kuwa a cikin gida ake yin sa. Haka nan kada a manta da ma'aikatan ɗakin gwaji da masu gyaran na'ura, waɗanda in babu su na'ura mai tsada takan zama wurin tara ƙura. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 jami'o'in ƙasar nan sun yi hasarar malamai da yawa, wanda ya nuna cewa horar da mutum ya fi riƙe shi sauƙi.

Na biyu shi ne awo. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019. Jadawalin yana da amfani ƙwarai, amma ba zai faɗi bambancin gumin wannan ƙauye da na wancan ba, ko abin da ya rage cikin waina bayan ƙullu ya kwana ya tashi, ko abin da ke zubewa in an tace ruwan dahuwa. Mutane kuma da mudu da tiya da ludayi suke awo, mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. Mai binciken da bai mai da waɗannan ma'aunai zuwa giram ba, lissafinsa a kan yashi yake. Ɗakin gwajin da zai auna sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin, da gubar da fumfuna ke haifarwa cikin hatsin da bai bushe ba, yana bukatar wutar lantarki marar yankewa da ruwa mai tsabta kafin komai.

Na uku shi ne ɗorewa. Nijeriya ta yi babban binciken abin da jama'arta ke ci daga 2001 zuwa 2003, ba ta sake yin irinsa ba sai 2021. Cikin shekarun da ke tsakani an tsara manufofi da yawa a kan tsofaffin alƙaluma. Binciken shekara uku da kuɗin masu ba da agaji yakan mutu ranar da kuɗin ya ƙare. Abin da ya fi shi ne a zaɓi gidaje ƙalilan a Hanwa da Dogarawa da wasu ƙauyukan fadama, da yardar masu gidan da masu unguwanni, a riƙa komawa gare su da kaka da bazara da tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, shekara bayan shekara. Irin wannan aiki kuɗin gida yake so, daga asusun tallafa wa manyan makarantu da gwamnatocin jihohi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinsu ga aikin gona, ɗan ƙaramin yanki na wannan ya isa.

Na huɗu shi ne harshe. Mai tambayar da ya ce wa uwargida "me kuka ci jiya?" zai ji "tuwo", ba zai ji kunun da yaro ya sha ba, ko ƙosan da aka saya a ƙofar gida, domin a wurinta waɗannan ba su kai a kira su abinci ba. Tsara tambaya cikin Hausar da za ta fito da gaskiya ilmi ne, daidaita kalmomin fannin kuma aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsuna. Sakamakon ma da Hausa ya kamata ya koma wa masu shi. Zariya ba baƙuwar wannan aiki ba ce, tun da a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a Samaru kuma hukumar yaɗa sakamakon binciken noma take, mai wallafa ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo domin manoma.

Kammalawa

Ma'aikacin gwamnati mai tsara manufa yana da hanyoyi da dama a gabansa. Ana iya ƙara wa shinkafa sinadarai a masana'anta, kamar yadda doka ta tilasta sa bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki tun 2002. Ana iya fitar da iri mai ɗauke da sinadarin tun daga gona, kamar shinkafa mai zinki da Bangaladash ta fitar a 2013, da masara mai bitamin A da Samaru ta fitar a shekarar. Ana iya inganta tukwanen masu gumi da wuraren shanyarsu, ko a sauƙaƙa farashin wake da gyaɗa da ganye. Kowace hanya tana da tsadarta, kuma wadda ta dace da mai sayen buhun kamfani ba lalle ta kai ga mai sayen tiya ɗaya daga injin unguwa ba. Zaɓi tsakaninsu ba zai yiwu da ƙiyasi ba, sai da alƙaluman da aka auna a gidajen da abin ya shafa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da ya tashi a Dogarawa ko Hanwa ya san wace shinkafa ake saye in albashi ya shigo, da wadda ake saye in wata ya yi nisa, ya san wanda ake fara zuba wa abinci a gida da wanda ke cin ƙanzo. Aikin jami'a shi ne ta ba shi ma'auni da ɗakin gwaji da malamin da zai duba shi, ta kuma ba shi dalilin zama. Horar da mai bincike guda daga digirin farko zuwa na uku yakan ci shekara goma ko fiye, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.